Majanyin Inna Dije

Har gobe ina jin haushin Madam Ramatu. Wata shida ta yi tana koya mana ɗinkin bargon ƙyallaye a unguwar Yantala da ke birnin Yamai, amma ko sau ɗaya ba ta ce mu tambayi mai zane kafin mu sa almakashi ba.

Ni fa sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga lakwal ɗin manya, wato makarantar da take koyarwa. Wanda kuwa ya yi karatu da furfura, kowa sai ya ji labari. Ina karɓar takardar shaida na ce zan riƙa koya wa matan wani ƙauye a hanyar Filinge, kyauta, duk Asabar.

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ta farko ba. Na riga na aika kowa ta zo da tsofaffin zannuwa. Na iske su a inuwar itacen bedi, sun tara kaya a tabarma. Na gyara tabarau (ba ya ƙara mini gani, kwarjini yake ƙarawa), na jawo wani baƙin majanyi na saƙi da ke can gefe, duk ya koɗe.

"Irin wannan tsumman ake so," na ce. Nan take na raba shi gida takwas.

Wuri ya yi tsit. Na ɗauka gwanintata ce ta kashe musu baki, har na ɗaga guda sama don na baya su gani.

Wata tsohuwa, Inna Dije, ta ce, "Malama, kin gama?"

"Yanzu aka fara, Inna."

"To. Wancan dai ba na aiki ba ne. Hadiza na kawo wa."

Hadiza wata ce mai tsohon ciki da ke zaune a baya. Ta sunkuyar da kai. Ta kusa da ni ta raɗa mini cewa 'ya'ya tara Inna Dije ta goya da majanyin nan, duk suna raye. Shi ya sa ake ara wa matar da 'ya'yanta ba sa tsayawa. Hadiza ta binne biyu.

Ni da bakina ba ya mutuwa, ni da 'yan kasuwar Katako ke yi wa laƙabi da Barkono, na buɗe baki zan ce rai na Allah ne, awon ciki kuma wajen likita ake yi. Gaskiya ce kuwa. Sai na hangi hannun Hadiza a kan cikinta, na haɗiye maganata.

"Inna, zan sayo miki sabo."

"Sabo wa ya goya, 'yar nan?"

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Sai ma ta ɓare goro ta miƙo mini. "Ci, malama, kin yi gumi."

Ranar ba a yi darasi ba. Na roƙi aron guntayen takwas, Hadiza da kanta ta ƙulle mini su a leda ba tare da ta dube ni ba. Har motarmu ta shigo Yamai ledar na kan cinyata, ina nanata wa kaina cewa ba duk abin da ya tsufa ne tsumma ba (ni da ya kamata in fi kowa sani).

Haɗa su ba wuya, amma ɗinki yana cin faɗi, dole a yi ciko. Washegari da sassafe na buɗe akwati na ciro zanen da na goya nawa 'ya'yan da shi. Huɗu ne, ba su kai tara ba, amma su ma duk suna raye. Na ɗauki ledar da allura da baƙin zare, na nufi tashar motocin ƙauyen su Inna Dije.