Hira da Ɗan Fari

Barira ƙawata, matso kusa ki ji abin da ya faru a gidanmu, don in ban faɗa wa wani ba cikina zai fashe.

Kin dai san Baffa, ɗana na fari. Kin ji ma yanzu har sunan nake faɗa, to ki biyo ni ki ji dalili. Yaro ya wuce shekara biyu, yana gudu, yana hawa turmi, yana korar kaji, amma baki shiru. In yana son ruwa sai ya nuna randa ya ce "uhm". In yana son goyo, "uhm". Sa'o'insa na maƙwabta har sun iya tsiwa, nawa ko "Umma" babu. Na yi addu'a, na tofa masa, ranar awo kuma na faɗa wa malamar asibiti damuwata. Ta leƙa kunnensa, ta tafa hannu a bayansa ya waiwaya, ta ce ji dai yana ji. Sai ta dube ni.

"Kina yi masa hira?"

Na ce, "Hira kuma? Da wa?"

"Da shi mana. Kina kiran sunansa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Malama, ɗan fari ne fa."

Ke kin san yadda aka tashe mu. Ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba a kama sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ko kallo sai na sata. Ni tun da na haife shi, daga "kai" sai "yaron nan".

Malamar ta riƙe haɓa ta ce, "To a ina kike so ya samo maganar, a cikin randa? Ki koma gida, duk abin da kike yi ki riƙa faɗa masa. In kin ɗauki ludayi ki ce ga ludayi. Ki dubi idonsa ki faɗa, sannan ki yi shiru ki ba shi dama ya mayar. In ya nuna abu kada ki yi saurin miƙa masa, ki faɗi sunan abin tukuna. Babansa ma ya riƙa yi."

Da ta ambaci babansa sai da na danne dariya da bakin hijabi. Malam mutumin kirki ne, Allah ya sani, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Matsalar ita ce muryar ma ba kasafai ake jin ta ba. Keken ɗinkinsa ya fi shi surutu. Ki ce masa gari ya ƙare, "to". Ki ce masa an yi haihuwa a gidan ƙaninsa, "uhm".

Sai na ɗauki aikin ni kaɗai, a madafa, inda ba mai gani. Ranar farko har gumi na yi kafin sunan ya fita daga bakina. "Baffa, wannan albasa ce. Albasa tana sa hawaye. Wannan tukunya, da zafi, ba a taɓawa. Ga ludayi. Lu-da-yi." In girki ya ɗauko nuna, sai in jawo gwangwanin tumatir in karanta masa rubutun jiki a hankali, kamar yadda ni ma na koya wa kaina haɗa baƙi. Tun yana kallon hannuna har ya koma kallon bakina. Wata rana na ji ya ce "lu". Barira, sai da na yi sujadar godiya a kan wannan "lu" ɗin.

Ana cikin haka Inna Tabawa, mahaifiyar Malam, ta sauka daga ƙauye da ƙullin daddawa da kuka. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta faɗi abin da ya kawo ta. Tunda an yaye yaro, za ta tafi da shi ta riƙe, cikin jikoki bakinsa zai buɗe. Me zan ce? Suruka ce, ɗan fari ne, uwa ba ta da ta cewa a kansa. Na ce "to", na shiga ɗaki na yi kukana.

Amma ban fasa ba. Duk sanda ta gifta ta tsakar gida, sai in raɗa masa ta bayan labule, "Ka ga waccan? Inna ce. In-na." Ashe tsohuwa kunnenta garau. Rannan ina tsugune a madafa ina cewa, "Baffa, ga ludayi," sai na ga inuwa a kaina.

"Innalillahi! Uwani, me kunnena ke ji? Ɗan farin naki kika zaunar kina wa hira kamar ƙawarki? Har da sunansa gatsal, ba ko sakayawa?"

Na ce, "Inna, a asibiti aka ce..."

"Asibiti! Su suka haifa miki shi?" Ta juya wajen shagon ɗinkin Malam ta ƙwala kira, "Kai wannan! Zo nan!" Don kin san Malam ma ɗan farinta ne, har yau ba ta kama sunansa.

Ya shigo da tef ɗin awo rataye a wuya.

"Ka ji abin da matarka ke yi a gidan nan?"

"Uhm."

"To gobe da shi zan tafi, kafin a gama lalata shi."

"To."

Washegari da safe jakar kayan Baffa tana bakin ƙofa, mai babur yana waje yana ta hon. Ni ina tsaye a gefe, wai kada a ga idona, ina ta jan salati a zuci. Inna ta duƙa ta ce a miƙo zanin goyo. Baffa kuwa ya fito daga madafa riƙe da ludayina, ya tsaya a gabanta, ya ƙura wa fuskarta ido. Sai ya ɗan buga mata a gwiwa ya ce, "Inna. Ludayi."



Inna ta ce, "Me ka ce, mai gidana?"

"Inna!"

Tsohuwa sai ta nemi turmi ta zauna. Ta sa shi ya maimaita, ya maimaita, tana dariya tana share ido da gefen mayafi, tana cewa, "Ni ya fara kira! Kun ji dai, ni ya fara kira!" Mai babur ya sake hon, ta ce a ce masa ya tafi abinsa. Ta ture jakar da ƙafa ta ce, "A mayar da kayan nan ɗaki. Hanyar ma ba kyau, sai ta jijjiga mini miji."

Na ce alhamdu lillahi a zuci, na sunkuya zan ɗauki jaka. Sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Amma ke Uwani, kada ki ɗauka wannan surutun naki ne ya yi aiki. Lokacinsa ne ya yi. Ga ubansa nan tsaye, ban taɓa zama na yi masa hira ba ko sau ɗaya. Ko ba haka ba, kai?"

Malam ya ce, "Uhm."

"To kin ji da kunnenki. Bai yi magana ba?"

Barira, ni da ko ido ba na haɗawa da ita, ban san sanda bakina ya riga ni ba. Na ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Inna. Shi ma tun ranar da aka kawo ni gidan nan nake jira ya fara."

Don Allah maganar nan ta tsaya tsakaninmu. In ma ta kuɓuce miki, ki fara dubawa ko Baffa na kusa, don yanzu duk abin da ya ji Inna yake kai wa.