Janar Aradu da Faifan da Ba Shi da Suna

"Ni Janar Aradu, in na ɗora allura a kan faifai, gurgu ma sai ya yar da sanda ya taka! Ku ɗaure min ido ku miƙo min faifai, da hanci kawai zan gaya muku wanda ya yi busar."

Haka Fitzroy Pinnock yake cika mana baki a gaban tukunyata, yana tsame min tsokar akuya da yatsa. Janar ɗin nan fa shi ya naɗa kansa, ko faretin 'yan makaranta bai taɓa yi ba. Yankan rake ya je Amurka, ya dawo birninmu Kingston da hular soja ta gwanjo da akwatin faya-fayai, wuyansa ya daina juyawa don girman kai.

Ni ce mai abinci a filin rawar Miss Icilda, don haka a idona aka yi komai. Ta gaji da rigimar Janar da abokin gabarsa, Leopold mai tumbi, sai ta yanke hukunci: "Ranar Asabar da yamma ku kara. Wanda jama'a suka bi, filin nasa ne. Ɗayan ya kwashe lasifikokinsa ya ba ni wuri."

Ka san halin masu kiɗanmu. In mutum ya samo faifai mai zafi, sai ya kankare takardar tsakiyarsa ya laƙaba masa sabon suna, don kada ɗan leƙen asiri ya karanta ya je ya sayo irinsa. Janar yana da guda, wani kiɗan busa, jazz na New Orleans, da ya sa wa suna Rugurguza. Gaskiya ɗaya ce, faifan nan ba dama. Sau ɗaya ya sa mana shi, ni kaina sai da na ƙona shinkafa.

Kowa ɗaya ko biyu yake kankarewa, amma Janar ya ce wannan aikin marasa tunani ne. "In ɗaya ne babu takarda, ai ka nuna wa ɓarawo wanda zai ɗauka!" Ya zauna da reza ya bi duk faifan da ke gidan ya kankare tas, har da waƙoƙin cocin mahaifiyarsa, Mama Adina.

Na ce, "Mas Fitzroy, to kai yaya za ka gane Rugurguza?"

"Miss Vie, ke dai ki ji da albasarki. Na ɗora shi a sama. Ga kuma hanci."

"Ka dai gwada shi kafin Asabar."

"In gwada, maƙwabta su ji a banza? Allah ya kiyaye!"

Asabar ta zo, rana ba ta faɗi ba fili ya cika. Leopold ya buɗe da kiɗan ska, ƙura ta tashi, tumbinsa na rawarsa daban. Da aka zo kan Janar, sai ya gyara hula ya kama makirfo.

"Leopold, je ka nemo amalanke! Mata, ku cire takalma! Ga Rugurguza!"

Ya ɗauko faifan sama, ya shinshina, ya sumbace shi, ya ɗora allura. Sai ga molon coci a hankali, da muryoyin tsofaffi suna waƙar raka gawa. Fili ya yi tsit. Maza suka fara cire huluna. Mas Zekiel, wanda tun safe yake cikin kwalbar giya, ya fashe da kuka yana tambaya, "Wayyo, wa ya mutu?"

"Ɗumama inji nake yi!" in ji Janar, gumi na bin kuncinsa. Ya zaro wani, ya shinshina da kyau. Wannan karon wata mata ce mai koyar da Sifaniyanci, tana cewa a maimaita bayanta. Ai kuwa 'yan iskan filin nan suka shiga maimaitawa baki ɗaya, har da tafi.

Wani ya yi ihu, "Janar, hancin ya toshe ne?"

Na uku ya sake faɗowa kan jana'iza. Yanzu kam ya durƙusa gaban akwati yana shinshina faya-fayai ɗaya bayan ɗaya kamar kare a bayan mahauta. Na so in ji tausayinsa, na rantse, amma na tuna tsokokina.

Muna cikin haka sai busa ta keto daga tsallaken titi. Rugurguza ce, tana fita daga lasifikar zauren coci da aka ƙure wa murya yanzu, inda mata suke shan shayin bikin girbi. Ashe da safe Mama Adina ta zo ɗaukar waƙarta, ta ga faya-fayai duk baƙaƙe babu rubutu, ta ɗauki na sama ta yi gaba.

Kafin ka ce me, fili ya watse. Ni ma na rufe tukunya na bi. Janar ya riga mu da gudu, hula a hannu. Ya tarar da uwarsa ta tattare siket tana juyi, fasto kuma yana riƙe da kofin shayi, fuska a murtuke, ƙafa na ta aiki a ƙarƙashin tebur.

"Mama! Asirina ne wannan! Ki cire!"

"Sakar min hannu, Fitzroy! Tun tsakar rana muke juya shi. Fasto ya ce bai taɓa ganin zauren nan ya cika haka ba."

Ya waiwaya, sai ga Leopold a kusurwa da wani dattijon coci, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa. Dattijon yana gaya masa sunan mai busar, da shagon da ake sayar da faifan, har da kwatancen hanya.

Miss Icilda ta taho tana haki, takalma a hannu, ta dafa kafaɗar Janar.

"Filin na Leopold ne, wannan ka sani. Amma kada ka sayar da kayanka, ina da aiki dominka."

Nan take wuyan Janar ya sake miƙewa. Ya mayar da hula, ya dube mu a wulaƙance. "Kun ji ko? Gwani ba ya rasa gayya. Wane biki ne, Miss Icilda?"

"Kawuna ne yake jin jiki, likita ya ce a shirya. In ya cika, kai za ka yi mana kiɗan zaman makoki. Ban taɓa ganin wanda ya sa maza kuka da sauri kamarka ba."