Bankwanan Dakar

Shekarar da buhunan gyaɗa suka cika Tasawa, ina mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, zama wuri ɗaya ya gagare ni. Wata goma na yi ina karatun babban lissafi ta wasiƙa, har aka aiko mani da satifika mai jan hatimi. Ba ni da bak, takardar gama lise, wato babbar sakandare, amma na ce jami'ar Dakar in ta ga hatimin nan sai ta miƙe tsaye.

Na aika masu da satifikar, ban jira amsa ba na shiga bankwana gida-gida, har garin Maijirgi. Gwaggona ta soya mani ƙuli-ƙuli, liman ya yi addu'a, wata tsohuwa ta ba ni daddawa in kai ma ɗanta soja a can Dakar. Kullum ina safa da marwa a gidan waya, akwatina a ɗaure.

Amsa ta zo layi biyu: satifikata ba ta cikin abin da suke dubawa, sai bak.

Da na mayar ma tsohuwa daddawarta, ta ce, "Mushe, har ka komo? Yaya ka baro yarona?"

Har yau ko buta na ɗauka, sai wani ya ce, "Mushe, a gaida Dakar!"