Kurciyar Mbah Sukirno da Batirin da Ya Mutu

"Lafiya lau muka tashi, Mbah. Motar ce dai na ji tana tari irin naka."

Tantri ke nan, jikar Mbah Sukirno, tsaye a bakin gareji da kofin shayi. Tsohon kuwa tun asuba yake murɗa makulli, motar ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Ƙarfe takwas ake rufe rubuta suna a gasar kukan kurciya ta garin Klaten, ga kurciyarsa a kujerar baya cikin keji lulluɓe da zane. Shekara guda yana tarairayarta saboda wannan rana. In ta wuce shi sai baɗi, mai shekara saba'in da takwas kuwa ba ya son jin zancen baɗi.

"Ke kika kashe ta," in ji shi. "Shekara talatin ina tuƙi ba taswira, kika zo kika liƙa mini talabijin mai surutu. Wata mata a ciki, yi dama, yi hagu. Ko kakarki ba ta juya ni haka ba."

"Ita haƙura ta yi. Ba kai ne ka tafi ɗaurin aure ka sauka gidan makoki ba, har ka ci abinci?"

"Girkinsu ya fi daɗi."

Tantri ta ce ita dai ta kan makulli ta haɗa na'urar nuna hanyar, ana kashe mota take mutuwa. Ta ajiye shayin ta leƙa ƙarƙashin sitiyari, sai ga jar waya an murɗe ta da rawaya, an ɗaure da kyauron burodi. Mbah ya rantse aikin ɓera ne.

"Ɓeran da ya iya ƙulli?"

"Ɓerayen yanzu duk sun yi makaranta, kamar ke."

Bakwai ta gota. Nan tsohon ya daina raha, ya tsaya yana kallon kejin, har ya ba Tantri tausayi. Ta kira maƙwabta biyu, ta shiga mazaunin direba, suka tura motar gangaren gonar shinkafa. Ta yi gyatsa sau biyu ta tashi. Na'urar ta kawo haske, ta ɗora daga inda ta tsaya: kukan wata zakarar kurciya ya cika motar.

Ashe kwana uku ke nan Mbah na kwantar da kurciyarsa a mota yana kunna mata muryar gwanar, don ta ɗauki karatu. Barin makulli a jiki kuma tsoron ɓarayi, shi ya sa ya haɗe wayoyin da kansa.

"To, malama ta shanye batir," in ji Tantri. "Bari mu ga ɗalibar."

Ta ɗaga zanen. Kurciya ta cusa kai cikin fiffike tana sharar barci.

"Bitar karatu take yi," in ji Mbah.

"In ba ta farka ba, kai za mu rataye a saman sandar da ake rataye keji a wurin gasa, ka yi kukan. Ai ka fi ta haddacewa."

Tsohon ya yi dariya har da tari, ya zagaya ya zauna a kujerar fasinja, abin da bai taɓa yi ba a motarsa.

"Tuƙa, 'yar nema. Miyar soto kwano biyu, da ƙwai, ni zan saya. Matar nan ta cikin talabijin kuma ki ce mata ta nuna mana gajeriyar hanya."