Yadda Ake Cin Lambar Gwarzon Manomi a Shekarar Fari

Kai mai son a ga ƙarfe yana walƙiya a ƙirjinka, matso kusa. Hanyar nan tabbas ce. Manzo, wani manomin ƙauyenmu a gefen Urafane, ya bi ta a shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, kuma ya ci.

1. Gyara rumbu

Soja sun yi shela: wanda rumbunsa ya fi cika za a maƙala masa lambar yabo. Gonarka ta ƙone? Ba komai. Danƙara kara da ƙaiƙayi har wuyan rumbun. Mai takalmi mai sheƙi ba ya binciken gindin rumbu.

2. Ari dammuna

Bi gida-gida, ka ce na yini ɗaya ne, kuma sunan gari za a ɗaga. Manzo ya tattaro dami goma sha ɗaya, iyakar abin da ya rage wa ƙauyen, ya jera su a sama.

3. Kada ka saurari mai ɗakinka

Biba matarsa ta ce, "Malam, in sunka sa hannu ciki hwa?"

"Ke dai share tsakar gida," in ji shi.

4. Riƙe tsani da kanka

Ranar da kumandan soja ya zo duba rumbu, kai za ka riƙe masa tsanin, ka bar shi yana ɗan rawa. Mai tsoron faɗuwa leƙe ɗaya yake yi ya sauko.

5. Miƙa ƙirji

Lambar tagulla ce mai hoton zangarniya, da ƙyalle kore. Da aka maƙala wa Manzo, har hawayen murna ya yi. Sai kumandan ya juya ga jama'a.

"Garin da ke da irin wanga rumbu bai bukatar taimako."

Motar jar dawar agaji, wadda kowa ya yi wata biyu yana jira, ta juya ta nufi ƙauyen gaba. Jama'a suka bi ta da kallo, ga bindiga a gabansu.

6. Koyi zaman ɗaki

Kafin la'asar maƙwabta sun kwashe dammunansu, ba mai gaishe shi. Da almuru Biba ta ajiye masa akushi a rufe. Ya buɗe, sai ga lambar ita kaɗai a ciki.

"Ga tuwonka, gwarzo. Ci ka rage ma yara."

Gargaɗi: ni lamba na yi maka alkawari, ban ce za ka ƙoshi ba. In matan gari suka nufo ƙofarka da taɓare, ba ka san ni ba, ban san ka ba.