Tsuntsaye Bakwai da Na Yi Sati Uku Ina Gadi

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da yake dole in amsa cewa shekaru sun ja, wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Ba ni da tabbas ko Asabar ce ko Lahadi, kuma mai yiwuwa jami'an da suka zo uku ne ba biyu ba. Kunyar dai tana nan garau.

Lokacin ina digiri na biyu a Guangzhou, fannin kula da muhalli, a shekarun dubu biyu da 'yan kai. Farfesan da ke duba aikina ya tura ni wani dausayi a bakin teku, kudu da birnin, wanda aka keɓe wa tsuntsaye. Ana so a faɗaɗa wurin, a haɗa da wasu tsofaffin tafkunan kiwon kifi da ke gefensa, har an karɓi tafki ɗaya na gwaji. Aikina in zauna a wata rumfar katako kowace safiya, in rubuta duk abin da ya sauka a tafkin. Da wannan rubutun zan haɗa kundina, kuma sai Farfesa ya gamsu zai sa hannu. In bai sa ba, ba digiri.

Dokar farko ita ce kada a matsa kusa da tsuntsaye. Ni kuwa in aka ba ni doka, sai na yi mata ƙari daga aljihuna. Nisan da aka ce, na ninka shi. Ko tari ya taso mini, haɗiye abina nake yi.

Mura ta kwantar da ni kwana biyar. Ran da na dawo, ina ɗaga madubin hangen nesa sai na ga abin mamaki. Can ƙarshen tafkin ga wasu fararen tsuntsaye bakwai, sun fi balbela girma, fuska baƙa, baki kamar ludayi. Irin waɗanda kowa ke fatan su sauka ke nan, don sun yi ƙaranci a duniya. Na duba littafi sau huɗu. Su ne.

Da wani ne, da ya ruga ya faɗa. Ni na ce sai na tabbatar tukuna. Sati uku ina zuwa ina rubutawa: "Bakwai, suna hutawa." Washegari: "Bakwai, da alama suna hutawa." Ran da aka yi iska na rubuta: "Biyu sun juya gabas." (A taya ni adalci: littafin ya ce irinsu kan wuni suna barci a tsaye.) Har rabin shafi na cika a kan yadda natsuwarsu ke nuna tafkin ya karɓe su. Akwai wani tsoho mai gadin wurin, masunci ne a da. In ya zo wucewa sai in ɗora yatsa a leɓe. Ya dubi tafkin, ya dube ni, ya wuce. Na ɗauka girmama ilimi ne.

Daga baya na aika wa Farfesa saƙo, yana Beijing a lokacin. Na sa "watakila" uku a layi ɗaya. Ya amsa da murna, ya ce zai zo da jami'an gunduma, waɗanda za su yanke shawarar faɗaɗa wurin.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga Masallacin Huaisheng, bakina ya kasa riƙe labarin. Na faɗa wa Alhaji Sabo, aminin mahaifina, mai kai kayan roba Kano, wanda nakan yi wa tafinta a kasuwar Tianxiu.

"To, Dakta mai tsuntsu," ya ce, "mutane na zuwa China su koyo injiniya, kai an aiko ka kiwon balbela. Zan bi ka in ga abin da zan faɗa wa babanka."

"Alhaji, wurin ba a son hayaniya fa."

"Ni ne hayaniyar?"

Haka na yarda ya biyo ni.

Ranar ta zo. Muka cika rumfar: Farfesa, jami'an, Alhaji da babbar rigarsa, tsoho mai gadi yana tsaye a baya. Farfesa ya ce in yi bayani. Na yi kusan minti goma ina raɗa, har da zancen natsuwa. Sai ya karɓi madubin. Ya daɗe yana kallo, na ga dai kunnensa ya yi ja. Ɗaya daga cikin jami'an ya leƙa, ya gyaɗa kai cikin ladabi.

"Dakta, miƙo in ga 'ya'yan naka," in ji Alhaji.

Ko numfashi biyu bai yi ba.

"Kai! Wannan ai roba ce."

"Alhaji, don Allah a hankali..."

"Roba ce mana! Ga layin inji nan daga wuya har jela. Shekara nawa ina sayen buta? Fentin ma ba mai kyau ba ne." Ya juya ga Farfesa da ɗan Sinancinsa na kasuwa: "Lawban! Meyo! Meyo tsuntsu!" Wato maigida, babu.

Tsoho mai gadi ya fita daga rumfar. Ya zura dogayen takalmansa na ruwa, ya ratsa tafkin, ya kama ɗaya a wuya, ya tumɓuko shi da sandar ƙarfensa, ya saƙalo shi a hammata. Ashe kwanakin da nake kwance ofishin kula da wurin ya sa shi ya kakkafa su, don su jawo na gaskiya. Farfesa ya san da shirin. Da ya ga saƙona, ya ɗauka dabarar ce ta ci.

Jami'in da ya gyaɗa kai ɗazu ya yi dariya har sai da ya zauna. Alhaji kuwa ya karɓi tsuntsun, ya ƙwanƙwasa, ya kifa shi yana neman tambarin masana'anta.

"Dakta, tambayi tsohon nan, masu ƙera su suna yin na zabo?"

Farfesa ya nemi littafina. Ya buɗe, ya karanta a fili, a hankali: "Biyu sun juya gabas." Da akwai rami a rumfar nan, da na shige.

Bai kore ni ba, bai kuma sa hannu ba. Aka ɗage shawarar faɗaɗawar, ni kuma aka ƙara mini shekara guda, tare da sabon aiki: wanke tsuntsayen roba duk sati, ni da tsoho. Da sanyi ya zagayo, wata safiya na ƙirga sha ɗaya. Huɗu suna tafiya, suna kaɗa baki cikin ruwa. Duk da haka sai da na je na kamo hannun tsoho, ya duba, ya ce na gaske ne, sannan na rubuta. A kan waɗannan huɗun Farfesa ya sa hannu.

Abin da na koya, in har na koyi wani abu: taka-tsantsan ɗin da zai hana ka tambayar mai gadi, tsoro ne kawai ya sa tabarau.

Duk wanda yake wurin ranar, ko ya ji daga bakin Alhaji, in ya ga na yi kuskure, don Allah ya aiko da gyara. Abu ɗaya ne ba zan karɓa ba. Alhaji yana yaɗawa a Kano cewa duka bakwai ɗin na raɗa wa suna. Biyu ne kawai.