Yadda Za Ka Zaɓi Otal a Kano Ba Tare da Kawunka Ya Sani Ba

Kai da ofis ya tura taro Kano, ranka kuma ya biya ka kwana a otal kamar manyan mutane, matso kusa. Bi matakan nan, tabbas za ka kwana a katifa mai laushi, ka sha sanyin esi, ka koma Kankiya ba wanda ya san ka tsallake gidan kawunka. An gwada su a kan Bishir, akawu a sakatariyar Kankiya, ɗan asalin ƙauyen Dudunni. Kawunsa Ɗanmaliki, mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau, shi ya riƙe shi lokacin karatu, kuma duk ɗan Dudunni da ya shigo Kano a gidansa na Kurna yake sauka. Abin da Bishir yake gudu ɗaya ne: kada tsohon ya ji cewa ya shigo gari ya kwana wani wuri.

Mataki na 1: Samo hujja

Kada ka ce ka raina gidan. Ce aiki ne ya yi maka yawa. Bishir ya gaya wa matarsa Sakina cewa a gidan Kawu babu tebur, sauro ya yi yawa, ga buga ƙofa tun kiran sallar farko. Sakina ta ce, "To da can a bisa mi ka yi karatun?" Kada ka amsa irin wannan tambaya. Masu ilimi ba sa jayayya da wanda bai taɓa zuwa taro ba.

Mataki na 2: Kada ka je sallama gida

Nan Bishir ya fara kuskure. Ya leƙa Dudunni ya gaida mahaifiyarsa, bakinsa ya suɓuce ya ambaci Kano. Kafin ya miƙe an ɗaure masa zabi biyu, an ƙulla wake a buhu, an ɗora ƙullin daddawa a kai.

"Ka kai ma ɗan'uwana," in ji ta. "Ka ce mashi ƙahwar ta yi sauƙi."

A ƙasar nan mutum yana iya ƙin gaskiya, amma ba ya ƙin saƙo. Haka Bishir ya tsaya bakin titi a Kankiya, kwat a jiki, jakar kwamfuta a kafaɗa, zabi a hannu suna ta kwarmata shi.

Mataki na 3: Nemi shawarar direba

Direba ya san gari. Bishir ya shiga motar Gajere, wanda ya yi shekaru yana zirga-zirga tsakanin Kankiya da Kano, ya sunkuya ya tambaye shi a kunne wane otal ya fi. Gajere ya maimaita tambayar da ƙarfi don na kujerar baya ma su ba da tasu gudummawa. Tun ba a wuce Tsanyawa ba mota ta rabu gida biyu a kan inda ya kamata ɗan Dudunni ya kwana.

Mataki na 4: Auna otal-otal ɗin da hankali

Kada ka duba tsabta, kada ka duba ruwa. Abin dubawa shi ne wa zai gan ka.

Na farkon da Bishir ya gani yana kan hanyar shiga gari. Ɗakunan ba laifi, amma 'yan Dawanau ne ke wucewa ta ƙofarsa safe da yamma, kuma rabinsu sun san shi tun yana yawo ba wando. Soke shi.

Na biyu yana Sabon Gari. Kiɗa na tashi, ga wasu zaune a harabar da kwalabe a gabansu. Nan Kawu ba zai taɓa zuwa ba, wannan gaskiya ne. Amma in wani ya hango ka kana fitowa, labarin da zai riga ka isa Dudunni ya fi na tsallake gida muni.

Na uku yana unguwar Nasarawa, mai ƙofar gilashi da ke buɗe kanta. Bishir ya tsaya gabanta zuciyarsa ta yi fari, ya ji lallai ya zama mutum. Budurwar da ke teburin karɓar baƙi ta dube shi, ta dubi zabin, ta ce cikin ladabi, "Yallaɓai, su ma ɗaki za a ba su?" Wannan shi ne otal ɗinka. Wurin da aka wulaƙanta ka da murmushi, can ne na manya.

Mataki na 5: Rabu da saƙon

Bishir ya kira Gajere a waya, ya damƙa masa zabi da wake da daddawa, ya ce ya kai Kurna, ya ce daga gida aka aiko. Ya roƙe shi ya rufa asiri. Gajere kuwa ya riƙe amana, don bai gaya wa kowa ba sai wanda ya tambaye shi.

Mataki na 6: More

Kunna esi har haƙoranka su kaɗa. Ɗauki hoton gado, na labule, na famfo, sannan ka tuna babu wanda za ka iya tura wa. Bishir ya zauna bakin katifa yana kallon bango. Ya nemi abinci, aka kawo masa shinkafa 'yar mitsitsiya da ganye a gefe. Ya ci, ya sha ruwa, ya ƙara shan ruwa.

Mataki na 7: In aka ce kana da baƙo

Bayan la'asar wayar ɗaki ta yi ƙara. Wai wani dattijo na nemansa, an ce ya shigo ya zauna ya ƙi.

Bishir ya sauko. Can wajen get, cikin rana, Kawu Ɗanmaliki ne tsaye riƙe da kwanuka a ɗaure cikin ɗankwali. Mutumin da bai taɓa taka ƙofar otal ba, yau ya hawo a-daidaita-sahu ya ratso gari.

"Kawu, wallahi aiki ne ya..."

"Amshi, tuwo ne, kada shi huce," in ji tsohon. Bai ɗaga murya ba. "Tun jiya uwarka ta bugo, muka share maka ɗaki, aka wanke gidan sauro. Ba komi. Ka girma, wurin ga ya fi dacewa da kai."

Bishir ya durƙusa a kan kwalta, kunya ta hana shi ɗaga ido. Da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi.

Kawu ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "In ta tambaye ka, ka ce gidana ka sauka. Ni ma haka zan ce mata. Ban taɓa yi mata ƙarya ba, amma ba ni son ta ji wanga."

Gargaɗi

Mai wannan shawara bai ɗauki alhakin komai ba. Alkawarinsa katifa da sanyi ne, kuma an same su. Idan ka kasa haɗa ido da mahaifiyarka ranar da ta tambayi lafiyar mutanen Kurna, wannan tsakaninka da su ne. Kwanukan kuma na gida ne. Ka san inda za ka mayar da su, da ƙafarka.